Alhaji Zarami Mai Ƙaiƙayi da Fuloti Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Haihuwa da asali

A cikin watan Agusta na shekarar 1952 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 1371 bayan Hijira, ana tsakiyar marka, aka haifi Alhaji Zarami Babakura a garin Azare ta ƙasar Katagum. Mahaifinsa, Malam Babakura, falken kanwa ne wanda ya taso daga ƙasar Borno da niyyar ya yi kwana uku ya wuce, sai ya share shekara arba'in, har a nan aka yi masa sutura. Mahaifiyarsa, Ya Gana, mace ce gajera mai kaifin harshe da tsabta, wadda har ta bar duniya Hausarta ba ta rabu da Barbarci ba.

Gidansu na ƙasa ne kamar na kowa a wancan zamani, amma shi kaɗai ne a layin wanda katangarsa ba ta taɓa zubewa da damina ba, kuma dalilin haka bai wuce wata al'ada ta Ya Gana ba. Duk shekara idan an gama sussuka da sheƙa, takan ɗebi ƙaiƙayin gero ta adana a tukunya. Ranar da ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, sai ta tsaya a tsakar gida ta watsa shi a kan ruwan, ta zuba ido. Inda ƙaiƙayin ya tsaya yana juyi, washegari ta sa a cike wurin da ƙasa. Inda kuma ya nufa da gudu, ta sa a faɗaɗa rariya. Maƙwabta suna ɗaukar abin tsafi ne na mutanen gabas, ita kuwa ko a jikinta.

Karatu

Zarami ya fara karatun allo a zauren unguwarsu, ya shiga makarantar firamare a shekarar 1960, daga nan ya zarce makarantar koyon sana'a a 1967. Malamansa sun shaide shi da ƙwarewa a lissafi da zane, da kuma wani irin taurin kai mai sanyi: ba ya musu, ba ya ɗaga murya, amma idan bai gamsu da abu ba, ko za a kwana ana lallashinsa ba zai sa hannu ba. A shekarar 1972 aka tura shi Kaduna koyon awon ƙasa, ya dawo bayan shekara biyu da takardar shaida, da hula irin ta ma'aikata, da kuma yaƙinin cewa babu abin da ya rage masa bai sani ba game da tudu da gangare.

Kama aiki

Ya kama aiki a sashen ayyuka da tsara filaye a watan Oktoba na shekarar 1974 a matsayin ƙaramin safiyo. A shekararsa ta uku aka ba shi aikinsa na farko shi kaɗai, wato ya auna inda za a sa kwalbati a wata hanyar ƙauye da ke wajen Chinade. Ya yi awon da rani, kamar yadda kowa ke yi, domin da rani ake aiki, da rani mota ke shiga, kuma da rani ƙasar nan ta jigawa takan kwanta shafal kamar faifai, ta yaudari duk wanda ya yarda da ita. Aka gina kwalbati mai kyau. Da damina ta faɗi, ruwa ya zo ya ƙi ko kallonsa, ya yanke hanyar taku talatin gaba da shi, kwalbatin kuwa ya zauna a bushe awaki suna faka a ciki.

Ya koma gida cikin kunya ya ba mahaifiyarsa labari. An ruwaito cewa Ya Gana ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce da shi: "Wai kai duk karatun nan da aka kai ka Kaduna, ba a gaya maka ana tambayar ruwa inda zai bi ba?" Ta miƙa masa ƙwarya cike da ƙaiƙayi. Tun daga daminar 1978 har ya bar aiki, Zarami bai ƙara sa hannu a kan wata taswira ba sai ya jira ruwan farko, ya naɗe ƙafar wando, ya cire takalmi, ya watsa ƙaiƙayi a tudun filin ya bi shi da ƙafa har inda ya tsaya. Manya sun yi faɗa, 'yan kwangila sun yi kuka cewa yana ɓata musu wata shida, abokan aiki suka laƙaba masa Mai Ƙaiƙayi don tsokana. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

A shekarar 1988 ya haɗa wani ɗan littafi na kalmomin aikin ruwa, domin ya lura injiniya na magana da Turanci, magini na gyaɗa kai, sannan kowa ya je ya yi abin da ya ga dama. Ya zagaya wajen manoma a Sakwa da Dagauda yana tambayarsu sunan kowane irin hali na ƙasa. A ciki ya bambanta lambatu, wanda mutum ke ginawa, da makwarara, wadda ruwa ke zaɓar wa kansa. Ya bayyana cewa kududdufi ba ramin banza ba ne, masaukin ruwa ne, wanda ya cike shi kuma ya gayyato baƙon zuwa ɗakinsa. Ya rubuta cewa zaizayar ƙasa takan fara da 'yar tsaga wadda ɗan akuya ke tsallakewa, idan aka yi mata sakaci damina uku ta zama kwazazzabon da raƙumi ba ya haurawa, kuma maganinta tun tana ƙarama shi ne a dasa ciyawar jema da gamba a bakinta. Masu unguwanni da magina sun daɗe suna amfani da littafin.

Aure da iyali

A watan Disamba na shekarar 1978 ya auri Meram, 'yar wani maɗinki daga cikin danginsu da suka zo daga gabas. Ita kaɗai ya aura har ƙarshen rayuwarsa, Allah kuma ya albarkace su da 'ya'ya shida. Hajiya Meram mace ce mai fara'a da son mutane, mai hannun girki, wadda idan tana dariya ana jiyo ta daga ƙofar gida, idan tana faɗa kuma daga bakin titi. Abu ɗaya tak ta roƙe shi tun tana amarya, shi ne ɗakin kanta, wanda za ta kafa ƙusa a bangonsa ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Ya yi mata alkawari. Daga nan suka shiga zaman gidajen haya, yau wannan unguwa gobe waccan, har sau biyar, shi yana yanka wa mutanen gari filaye, ita tana naɗe tabarmi.

Awon Jigawar Kanya

A shekarar 2003 aka yanke shawarar buɗe sabuwar unguwa a wasu tsoffin gonaki da ke bayan gari, wurin da ake kira Jigawar Kanya. Aka yi awo da rani, aka kafa fegi, aka raba, kuma a karon farko cikin shekara ashirin da tara na aikinsa sunan Zarami ya fito. Fuloti mai lamba arba'in da ɗaya ya samu, a bakin hanya, yana duban gabas, da itaciyar kanya a kusurwarsa. Hajiya Meram ta yi guɗa da kanta. Tun kafin takarda ta bushe ta je wurin da 'ya'yanta mata, ta zana da kara inda ɗakinta zai zauna da inda za a yi madafa, ta dasa lalle da zogale, tana aika musu ruwa a jarka kowace safiya.

Saura sa hannun Zarami a kan taswirar unguwar, shi kuwa ya ce sai an yi ruwa. Ruwan ya sauka ranar wata Asabar a cikin watan Yuni, da hantsi. Ya hau tudun da ke arewacin filin ya watsa ƙaiƙayinsa, ya biyo shi. Ƙaiƙayin ya bi layin da aka bari don hanya tiryan-tiryan, har Zarami ya fara murna, sai da ya zo daidai itaciyar kanya ya karya kwana, ya ratsa ta tsakiyar fuloti mai lamba arba'in da ɗaya, ta kan ɗakin da Meram ta zana, ya gangara tsohon kududdufin magina da ke kudu. Ya koma tudu ya sake watsawa. Sau uku yana yi, sau uku ƙaiƙayin yana bin hanya ɗaya.

Abokan aikinsa suka ba shi shawarar da kowa zai bayar: ya ɗaga harsashi, ya zuba kankare, ruwa ya nemi wata hanya. Zarami ya san wace hanya ce zai nema. Fulotin da ke ƙasa da nasa na Alhaji Jalo ne, wani Bafillatani dillalin shanu mai iyali da yawa, bayansa kuma akwai gidaje fiye da talatin a kwari. Ya nemi a musanya masa, aka ce an riga an raba duka. Sai ya ɗauki jan biro ya ja layi biyu a kan fulotinsa, ya rubuta "makwarara, ba a gini", ya sa hannu. Takardar mallakar kuwa ya riƙe ta da sunansa, ba don komai ba sai don kada a wayi gari wani ya ce filin ba shi da mai shi.

Abin da ya faru a gida da yammacin ranar, 'ya'yansu har yau suna ba da labarinsa suna dariya, ko da yake a lokacin babu wanda ya ga abin dariya. Hajiya Meram ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce: "Malam, tsakaninka da Allah, ni ka aura ko ruwa? Kowane namiji yana gina wa matarsa ɗaki, kai ka tashi ka gina wa kwaɗi!" Ya ce: "Ki yi haƙuri, Meram. Idan na gina miki a wurin nan, duk daminar duniya ba za ki yi barci ba, ni ma ba zan yi ba." Ta yi kuka mai yawa, domin abin ya ci mata rai ƙwarai, ta kuma ɗau alwashin ƙafarta ba za ta sake taka layin nan ba. Ta cika alwashin. Ko biki ake yi a unguwar, sai ta sa mai babur ya zagaya ta bayan makaranta.

Ritaya da shekarun gori

Unguwa ta cika, gidaje suka tashi hagu da dama, fuloti mai lamba arba'in da ɗaya yana nan a tsakiya kamar wawulo a baki. Zarami ya sassaƙe tsakiyarsa ya yi masa kwari, ya jera duwatsu a inda ruwa ke karya kwana, ya dasa jema a gefe biyu. Ya sauke farali a shekarar 2007, ya yi ritaya a 2009 bayan cika shekara talatin da biyar, ya ci gaba da zama a gidan haya da takardar fili a ƙarƙashin katifa. Masu son saye sun zo, masu son kafa shago sun zo, har da wanda ya zo da shawarar a yi wurin wankin mota. Kowa shayi yake ba shi ya sallame shi. Duk ƙarshen rani kuma Hajiya Meram takan tambaye shi ko kwaɗin sun tashi, ya ce tukuna.

Babu wanda ya kai Alhaji Jalo gori, ga shi kuwa ya zama mai unguwa, ga kuma wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari ya ba shi lasisi. Duk ranar ruwan farko, idan ya hango Zarami ya taho da ƙwaryarsa, tsofai-tsofai da shi ba takalmi, sai ya fito zaure ya ɗaga murya: "Jama'a ku fito, ga Babarbare zai ba ruwa abinci! Kai Mai Ƙaiƙayi, ka sayar mini da kangon nan in ɗaure shanu mana, ka saya wa baiwar Allah nan ko akurki ne." Zarami yakan amsa: "Bafillatani, koma ciki kada ka narke, ai kai ko saniyarka ta fi ka sanin inda ruwa yake." Haka suka yi shekara goma sha bakwai. Damina tana zuwa daidai wa daida, ruwan da ke bi ta filin bai taɓa wuce idon sawu ba, har wasu daga cikin 'ya'yansa suka fara raɗa cewa Baba dai ya yi asarar fili a banza.

Daminar 2020

Ranar wata Talata a cikin watan Agusta na shekarar 2020, hadari ya haɗo daga gabas da misalin ƙarfe tara na safe, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba a ɗauke ba sai bayan la'asar. Ruwan da ya taru a tudun arewa ya gangaro Jigawar Kanya gaba ɗaya, ya biyo hanya, ya zo daidai itaciyar kanya ya karya kwana. Waɗanda suka leƙa ta taga sun ce a cikin filin ya kai ƙirjin babban mutum, yana tafe da buhuna da itatuwa da wani ƙyauren da ba a san daga inda ya ɗauko shi ba. Jema ta kwanta ta riƙe ƙasa, duwatsu suka tare gefen katangar Alhaji Jalo, ruwan ya faɗa kududdufi, ya cika shi ya malala fadama. A unguwar kaf ko bulo ɗaya bai faɗi ba.

Washegari da safe Alhaji Jalo ya sa babbar riga ya nufi gidan da Zarami yake haya a cikin gari, ya baro mutum ashirin da uku na gidansa duk suna lafiya. Ga abin da ya tarar a can. Katangar gidan ta zube, madafa ta rufta, Hajiya Meram tana tsaye a cikin caɓi tana tsamo tukwanenta ɗaya bayan ɗaya, Zarami yana shanya takardu a kan igiya. Alhaji Jalo ya tsaya hawaye na bin gemunsa. Ba Zarami ya fuskanta ba, Meram ya fuskanta, ya ce: "Hajiya, ashe shekara goma sha bakwai a cikin ɗakinki muke kwana ba mu sani ba. Ki yafe mana." Ta ce: "Alhaji, ni riƙe mini tukunyar nan tukuna." A ranar, da la'asar, ta ce a kira mata mai babur, kuma kada ya zagaya ta bayan makaranta. Ta tsaya a bakin filin ta daɗe tana duban laka da shara da ruwa ya bari a rassan kanya, sama da tsayinta. Lallen da ta dasa yana nan a gefe, ya zama kurmi.

Gidan gayya

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga masallaci, Alhaji Jalo ya tara mutanen unguwa ya sanar da su cewa ya ba da garkarsa da ke kan tudun arewa, daidai inda Zarami yake tsayawa ya watsa ƙaiƙayi, kuma duk wanda katangarsa ke tsaye ya san abin da ya kamace shi. Ba a yi dogon jawabi ba. Mai bulo ya kawo bulo, mai kwano ya kawo kwano, magina suka ce ranakun Asabar nasu ne, matan unguwa suka ɗauki abincin ma'aikata.

Ana shirin haƙa harsashi sai Hajiya Meram ta aiko cewa a dakata. Ita da ta shekara arba'in da biyu tana jiran ɗaki, ita ce ta ce ba za a sa diga a wurin ba sai an yi ruwa an watsa ƙaiƙayi. Alhaji Jalo ya riƙe baki ya ce: "La ilaha illallahu, ashe ciwon nan ana ɗauka!" Aka jira kwana goma sha ɗaya. Da ruwan ya zo, ita ta riƙe ƙwaryar, mijinta yana gefe yana murmushi, ƙaiƙayin kuwa ya bar garkar ya gangara abinsa ba tare da ya tsaya ko'ina ba. Suka tare a watan Maris na shekarar 2021, aka yi walima wadda har daga Chinade aka zo. Abu na farko da ta yi da ta shiga ɗakinta shi ne ta karɓi guduma a hannun kafinta ta kafa ƙusa a bango da kanta, ba ta rataya komai a jiki ba har tsawon mako guda. A cikin wannan shekara Alhaji Zarami ya mayar da fuloti mai lamba arba'in da ɗaya waƙafi ga unguwa a gaban shaidu, Meram ce ta fara dangwala hannu.

Rasuwa

Ya yi shekara uku a gidansa cikin ƙoshin lafiya da walwala, jikoki suna hawa kansa, shi da Alhaji Jalo suna zaune a zaure kullum suna tsokanar juna. A ƙarshen watan Mayu na shekarar 2024 zazzaɓi ya kwantar da shi, kuma Allah ya karɓi ransa da safiyar Laraba, 5 ga watan Yuni, daidai da ƙarshen watan Zulƙida na 1445, yana da shekara saba'in da ɗaya. An yi masa salla bayan azahar a ƙofar gidansa, aka binne shi a maƙabartar Jigawar Kanya, wadda shi ya zaɓi wurinta a kan tudu shekara ashirin da ɗaya kafin nan. Sahun sallar ya cika layin har ya gangara cikin filin nan. Allah ya jiƙansa, ya kyautata makwancinsa.

Ya bar matarsa, Hajiya Meram, da 'ya'ya shida: Abubakar Siddiƙ, malamin makaranta a Azare, Khadijatul Kubra, tana aure a Sakwa, Abdulsamad, magini, Nana Aisha, ungozoma, Abdulrashid, mai sayar da kayan gini, da autarsu Suwaiba, wadda ta karanta awon ƙasa. Ya kuma bar jikoki goma sha tara.

Ruwan farko na wannan shekara ya sauka kwana tara bayan rasuwarsa, da rana tsaka. Hajiya Meram tana cikin takaba, ba ta fita, ga kuma buhun ƙaiƙayin da marigayin ya tanada tun kaka yana jingine a bayan ƙofa. Sai ta cika ƙwarya, ta tsaya a tsakar gidanta ta watsa, ƙaiƙayin ya fita ta rariya ya kama gangare. Suwaiba ta bi shi da lema, mutane suna tsaye a zaurukansu suna kallo, Alhaji Jalo yana bakin ƙofarsa yana bin ƙaiƙayin da ido. Bayan kamar rabin sa'a ta dawo jiƙe sharkaf ta ce: "Umma, ya bi ta gindin kanya, ya isa kududdufi, babu inda ya tsaya." Hajiya Meram ta share fuskarta da gefen mayafi ta ce: "Alhamdu lillahi. To ɗaure bakin buhun nan da kyau, na baɗi ne."